Bakwaini da Wahalar Numfashi

Bakwainin da ke nishi, haƙarƙarinsa na lotsawa, leɓɓansa sun yi shuɗi, sau da yawa huhunsa ne bai ƙosa ba. Akwai wani maiƙo da ke hana 'yan jakunkunan iska na huhu mannewa, kuma kafin mako 34 na ciki ba ya wadata. Likitoci kan ɗura irinsa, wanda ake samu daga huhun dabbobi, ta bututu cikin maƙogwaro. A Japan aka fara cin nasarar hakan a 1980. In jaririn ya galabaita, na'ura ce ke hura masa iska.

Daga wuri irin Rogo Sabon Gari, irin wannan kulawa sai manyan asibitoci kamar asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika, ga maganin da ɗan karen tsada. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A hanya, uwa ta rungume shi a ƙirji, fata da fata, don sanyi na ƙara masa wahala.