Fanteka Mai Fure da Anini Mai Huji

Yau shirin namu na kan tsofaffin tarkace ne, irin waɗanda ake tsinta a hannun 'yan gwangwan da kuma lungunan Kasuwar Kurmi ta birnin Kano, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Akwai mutanen da ke bin waɗannan kaya suna saye suna adanawa: dutsen guga na gawayi mai ɗan zakara a marfi, fitilar ƙwai, faifan garmaho, kaset ɗin Mamman Shata da rubutun jikinsa ya koɗe.

Mu fara da anini. An soma buga shi a 1907, da huji a tsakiya don a zura shi a zare, ga tauraro mai tsini shida, ga rubutun Larabci. Anini 10 ke yin kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam guda. Da naira ta shigo a 1973 sai lissafin fam da sule ya kau, amma ka miƙa wa dattijo anini a yau ka gani, nan take zai soma ba ka labarin abin da ake saye da shi a zamaninsa.

Ni dai abin da ya fi kama mini zuciya shi ne kayan jere. Kafin zuwan tangaran da roba, ɗakin amarya da langa da samira da fanteka ake cika shi, a jera su hawa-hawa har kusa da rufi, 'yan ganin ɗaki su zo su ƙidaya. Ƙarfe ne ake shafe shi da garin gilas a gasa a wuta, shi ya sa yake ƙyalli, shi ya sa kuma idan ya faɗi yake ɓantarewa, baƙin ƙarfen ya leƙo, tsatsa ta biyo baya. Furannin jikinsa ja ne jawur, da shuɗi da rawaya. Wasu 'yan zamani kan ce ƙauyanci ne. Ban yarda ba. Uwa ce ta yi shekaru tana zubin adashi, tana sayar da ƙuli-ƙuli da ƙosai, tana ɓoye kwano ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin gado tun 'yarta na ƙarama. Ranar wata buƙata kuwa, waɗannan kwanuka su ne jarin mace, ta ɗauki ɗaya ta sayar ta rufa wa kanta asiri.

Masu tara su sukan kife kwano su duba tambarin gindinsa. Wani daga Cekosulobakiya ya zo, wani daga Hong Kong, wani kuma ƙirar gida ne, domin wajen 1960 masu masana'antu daga Hong Kong sun zo sun kafa nasu a Najeriya.

Abin da ke damuna, jama'a, yawancin kayan nan a sikeli suke ƙarewa. Ɗan gwangwan ba ruwansa da fure ko tambari, nauyi yake saye, daga nan sai kamfanin narka ƙarfe. Saboda haka masu sha'awar kan ƙulla zumunci da 'yan gwangwan ɗin, su roƙe su su ware duk fanteka mai marfi da ba ta huje ba, su biya fiye da kuɗin kilo.