Me Muke Sayarwa, Me Muke Saye?

Mai karatu, gobe da safe in uwargida ta ajiye shayi da burodi, ka ɗan dakata kafin ka sa hannu, ka tambayi yara, "Daga ina waɗannan abubuwa suka fito?" Alkamar burodin nan galibinta a jirgin ruwa ta zo daga ƙasashe irin su Amurka da Kanada da Rasha. Ɗanyen sukarin daga Birazil aka kawo shi, aka tace a Ikko. Garin madara kuwa daga Turai ko Niyu Zilan. To, da me muka biya masu kayan? Ba su karɓar naira, dala suke so. Dala kuwa ba ta samuwa sai mun sayar wa duniya wani abu. Wannan magana ta saye da sayarwa tsakanin ƙasashe ita za mu duba a wannan wata, gama ta shafi tukunyar kowane gida, daga Ikko har Horo Birni ta ƙasar Shagari.

Mene Ne Ma'aunin Ciniki?

A ce wani magidanci ya kai buhun wake goma kasuwa a shekara. Da kuɗin ya sayo gishiri, da sabulu, da taki, da tufafin yara. In kuɗin waken ya fi abin da ya kashe, ya sami rara. In abin da ya kashe ya fi, ya sami giɓi, sai ya ci bashi ko ya sayar da akuya. Haka take ga ƙasa. Akan ɗora kuɗin kayan da muka fitar a hannu ɗaya na ma'auni, kuɗin kayan da muka shigo da su a ɗaya hannun. Abin da ya rinjaya shi ake kira ma'aunin ciniki.

Cinikin ƙasa da ƙasa ba laifi ba ne. A 1 Sarakuna sura 5, Sulemanu yakan aika wa Hiram, sarkin Taya, alkama da mai kowace shekara, shi kuma ya aiko da itacen ginin Haikali, kowa ya amfana. Amma ka duba Ayyukan Manzanni 12:20. Mutanen Taya da Sidon, da duk jiragen ruwansu da dukiyarsu, sai da suka zo neman sulhu wurin Hirudus, domin daga ƙasarsa suke samun abinci. Wanda rumbunsa ke gidan wani, ba shi da bakin musu.

Zamanin Fata, Gyaɗa Da Auduga

Ƙasar Sakkwato ta daɗe tana sayar wa duniya kaya. Jar akuyar nan da ke yawo a bayan gida a Horo Birni da Boɗinga da Yabo, fatarta tana cikin waɗanda suka fi daraja a duniya. Ɗaruruwan shekaru majema suna jeme ta da bagaruwa, ayarin raƙuma suna ƙetare hamada da ita zuwa Tarabulus da Maroko. Turawa suka saye ta a can, suka laƙa mata suna "fatar Maroko", suna rufe manyan littattafai da ita. Sa'ad da Bajamushen nan Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana kai saƙin Kano da takalmanta har Timbuktu da Tarabulus. Ka lura, a wancan zamani gyararren kaya muke fitarwa, watau jemammiyar fata da rinannen zane.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun sa rai ga auduga, manoma kuwa suka ga gyaɗa ta fi riba. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta, aka jera dalar gyaɗa a Kano. A 1929 reluwe ta kai Gusau da Ƙaurar Namoda, waɗanda a lokacin suna cikin Lardin Sakkwato, sai auduga da gyaɗa da fatu na wannan yanki suka sami hanya zuwa bakin teku. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa. Sa'ad da muka sami mulkin kai a 1960, amfanin gona ne ke kawo fiye da rabin kuɗin da muke samu daga ƙasashen waje.

Amma akwai sauran magana. Hukumar cinikin amfanin gona, wadda Jihar Arewa ta sami tata a 1954, ita ke yanka farashi. Takan biya manomi ƙasa da farashin duniya, gwamnati ta riƙe sauran. Da kuɗin an yi hanyoyi da makarantu, amma manomin da ya duƙa bai ga rabonsa cikakke ba. Ban da haka, auduga takan tafi Ingila ɗanya, ta komo mana a matsayin yadi mai tsada. Domin a magance wannan aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato kuma ya soma aiki a 1967.

Mai Ya Zo, Gona Ta Kwanta

An sami man fetur a Oloibiri a 1956, aka soma fitar da shi a 1958. Tsakanin 1973 da 1974 farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Daga nan har shekaru masu yawa mai ya riƙa kawo fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin kayan da muke fitarwa. A daidai wannan lokaci fari ya afka wa Arewa daga 1972 zuwa 1974, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki. Dalar gyaɗa ta ɓace, ba ta sāke komowa ba.

Kuɗi kuwa suka yi ambaliya a birane. A 1975 ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji, kantuna suka cika da rediyo da babura da abincin gwangwani. A wannan shekara ce aka yi odar siminti fiye da ƙima, har jiragen ruwa wajen 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Ikko wata da watanni, ƙasa tana biyan kuɗin jira.

Yaya aka yi arzikin mai ya kwantar da noma? Ga yadda abin yake. Dala ta yi yawa a hannun gwamnati, naira ta yi ƙarfi, har a 1980 dala ɗaya ba ta wuce kwabo 55 ba. Saboda haka shinkafar Tailan da ta Amurka ta fi ta fadamarmu araha a kasuwa. Mai sayar da auduga ko fata a waje kuma, in ya canza dalarsa, naira kaɗan take zama. Samari suka ga leburancin gini a birni ya fi garma biya, suka bar tsofaffi da gonaki. An yi ƙoƙarin gyara: Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka kuma gina madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo. Duk da haka abincin waje bai daina kwararowa ba.

Shekarun Tsuke Bakin Aljihu

Mutanen wannan yanki sun san labarin nan da kyau, gama ɗan ƙasarsu ne ke kan mulki sa'ad da guguwar ta taso. Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta, ya riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 1971 zuwa 1975, ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. A 1980 ya kafa shirin bunƙasa noma. A wannan shekara mai ya kawo wa ƙasa wajen dala biliyan 25. Sai kasuwar mai ta duniya ta cika ta batse, kafin 1983 kuɗin ya sauko zuwa wajen biliyan 10. Odar kaya kuwa ba ta sauko da sauri haka ba, gama baki ya riga ya saba. Giɓi ya buɗe, bashi ya hau. A watan Afrilu 1982 aka kafa dokar tsuke bakin aljihu, aka ƙuntata shigo da kaya. Masana'antun da suka dogara ga kayan aiki na waje suka sallami ma'aikata. Soja suka karɓi mulki ran 31 ga Disamba 1983, iyayenmu kuma suna tuna dogayen layukan sayen madara da sabulu da suka biyo baya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta karya darajar naira, ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona.

Mu da muke da Littafi Mai Tsarki a hannu, wannan ba baƙon labari ba ne. A Farawa sura 41, Yusufu ya ba Fir'auna shawara a ajiye kashi 1 cikin 5 na amfanin shekaru 7 na ƙoshi. Ƙasarmu ta sami nata shekarun ƙoshi, amma ajiyar da aka yi ba ta kai ko'ina ba.

Na Baya-Bayan Nan

Lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna a 2020, shekarar annobar korona, mun yi giɓi. A 2024 kuwa mun fitar da kayan wajen tiriliyan 77, muka shigo da na wajen tiriliyan 60, watau an sami rarar kusan tiriliyan 17. Wani zai ce, "To, in an yi rara, don me tiyar gero ta gagari talaka a wannan shekara?"

Dalili na fari, lambobin sun kumbura ne domin naira ta faɗi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Na biyu, wajen kashi 70 cikin 100 na abin da muka fitar ɗanyen mai ne, wanda ba ya ba mutane da yawa aiki. Na uku, wani ɓangare na rarar ya samu ne domin mutane sun kāsa sayen abin da suke saye dā. Gidan da ya daina cin abincin rana ma yakan ga rara a aljihu.

Akwai alamun alheri. Shekara da shekaru muna sayar da ɗanyen mai, muna sayo tatacce, amma a Satumba 2024 matatar Ɗangote ta Lekki ta soma fitar da fetur. Riɗi, da zoɓo, da cittar Kudancin Kaduna sun sami kasuwa a ƙasashen waje. Albasar Sakkwato da Aliero tana tafiya har Gana. Sai dai wannan ciniki na maƙwabta yana da rauni. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sāke rufe ta Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Duk sa'ad da aka datse ƙofar Illela, mai albasa da mai dabbobi su ne sukan fara ji a jikinsu. Fatar jar akuya kuma har yanzu yawancinta daga majemun Kano take wucewa Italiya da Sifen, ribar ɗinkin jaka da takalmi ta tsaya a can.

Abin Da Gidan Mai Bi Zai Iya Yi

Ba mu ne muke yanka farashin mai ba, amma da yayyafi kogi kan cika.

Na ɗaya, maigida da uwargida su zauna tare su rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita. A ware hatsin ci na shekara da na iri kafin a kai ko tiya ɗaya kasuwa. Wanda ya karyar da geronsa da kaka domin biki, shi zai saye shi da tsada a tsakiyar damina.

Na biyu, a gyara kaya kafin a sayar. Gyaɗar da aka mai da ita mai da ƙuli-ƙuli ta fi tsabarta kawo kuɗi, harawar kuma ta dabbobi ce. Zumuntar Mata za su iya haɗa adashi su sayi injin markaɗe. In an yanka akuyar Kirsimati, a feɗe ta a hankali kada wuƙa ta huda fatar, a sa gishiri da wuri ko a shanya ta a inuwa. Fatar da aka yar a ƙasa cikin rana takan rasa darajarta.

Na uku, mu yi gaskiya a ciniki. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an sami gubar maganin ƙwari irin fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙima, aka yi ta sabunta hanin shekara da shekaru. 'Yan kaɗan suka yi, ƙasa duka ta ɗauki asara, sauran waken kuma 'ya'yanmu suka ci. Buhu mai ninki uku, wanda ba ya shan iska, yana kashe ƙwari ba tare da guba ba. Mai bi ba ya zuba yashi cikin riɗi, ba ya jiƙa auduga domin ta yi nauyi. Karin Magana 11:1 ya nuna mana Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba. Maƙwabtanmu na kasuwa da yawa ba za su taɓa shiga majami'a ba, amma suna ganin mudunmu kowace ranar kasuwa.

Na huɗu, mu daina raina namu. Kunun gero da ƙosai ba su gaza shayi da burodi ƙosarwa ba. Takalmin badukun garinmu yana ciyar da iyalinsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na biyar, kada mu koya wa yaranmu cewa wanda ya kāsa karatu shi ke noma. Ƙasar nan tana bukatar ɗan makaranta wanda ya san taki da iri da lissafi, wanda kuma zai jeme fata ya ɗinka ta a nan gida.

Domin Sujadar Iyali

A wannan mako ku karanta Farawa 41 da Ayyukan Manzanni 12:20-24 tare da yara. Ku tambaye su: cikin abin da muka ci yau, wanne ne aka noma a ƙasarmu? Me gidanmu yake sayarwa? Sa'an nan ku yi addu'a domin shugabanni, Allah ya ba su hikima irin ta Yusufu. Ku yi addu'a domin manoman Sakkwato da Zamfara da Katsina waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, da gidajen da rumbunsu ya ƙare tun kafin kaka. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, da zuciya mai wadar zuci, da hannu mai bayarwa. Amin.