Tsoffin Sulalla a Gwanjon Intanet: Wa Ya Ba da Makin Nan?

A gidaje da yawa na Kankiya da Kusada, in aka zazzage tsohuwar adakar kaka, ba a rasa ƙullin tsumma da 'yan sulalla a ciki: anini, ɗari, kwabo mai huji, wani lokaci har taro da sisi da sulai mai hoton kwakwa. Da can yara ke wasa da su. Yanzu kuwa hotunansu sun cika Facebook da TikTok da WhatsApp, wannan yana neman mai saye, wancan yana tallar nasa da farashin da ya kai na saniya. A gefen hoton sai ka ga an rubuta wasu haruffa da lamba, kamar MS 65, a ce wai an tantance. A kan wannan lambar ake cin kuɗin mutane, don haka ya kamata a san mece ce ita.

Masu tara tsoffin kuɗi a duniya ba shekarun ƙarfe suke saye ba. Abin da suke biya shi ne ƙarancinsa da lafiyar jikinsa. A 1949 wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70, kuma shi ake bi har yau. Maki 1 na wanda ya suɗe ne, da ƙyar ake gane shi. Daga 60 zuwa 70, inda ake sa haruffan MS, na wanda bai taɓa yawo a hannun jama'a ba ne, yana nan da ƙyallinsa na ranar da aka buga shi. Kwabon da ya sayi ƙosai a Rimaye, ya shiga aljihun ɗan dako, ya kwana a lalitar mai goro, ba zai taɓa samun MS ba, kome kyan da ya yi a hoto.

Mai kaya ba shi ke ba kansa maki ba. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, manyansu biyu duk a Amurka suke: PCGS da aka kafa a 1986, da NGC da ya biyo baya a 1987. Sai an aika musu da ƙarfen kansa, ƙwararru su duba, su auna, su tabbatar ba jabu ba ne, sannan su rufe shi cikin ƙwanson roba da ba ya buɗuwa sai an fasa. A jikin ƙwanson akwai takarda mai ɗauke da ƙasa, shekara, maki da lambar shaida. Kowa na iya shiga shafin kamfanin ya rubuta wannan lambar ya ga bayanin, kyauta. Ba sa ba da wannan shaidar daga hoton waya, kuma ofisoshinsu suna Amurka da Turai da Asiya. Kuɗin tantancewa da na aikawa sukan ninka darajar kwabo na gama-gari sau da yawa, shi ya sa ba kasafai mai hankali ke aika irinsa ba.

A kara, mai sayen sa yakan buɗe masa baki ya ga haƙora, ga dillali tsaye wanda kowa ya san gidansu. A gwanjon intanet babu ko ɗaya. Hoto ne da maganar mai kaya, kuma nan algus ke shiga. Wani zai ɗora sulai tsirara a tafin hannu ya rubuta MS 65, alhali babu wanda ya duba shi sai shi kaɗai. Wani zai sayo ƙwanson roba ya buga takarda da sunan kamfanin da ba a taɓa jin labarinsa ba. Wani ya kwafo hoton kayan wani daga eBay ya ce nasa ne. Mafi haɗari su ne masu ƙera ƙwanson bogi su sa masa lambar shaida ta gaske da suka sato, ta yadda in ka bincika za ka ga lambar tana nan. Saboda haka ganin lamba kaɗai bai isa ba. A duba shekara da maki, in shafin ya nuna hoto a gwada shi da na mai talla, tabo da tabo, ƙarzuwa da ƙarzuwa.

Akwai kuma ha'incin da ake yi da shiru. Idan an goge ƙarfe, ko an huda shi, ko an yi masa walda, kamfanonin nan ba sa ba shi cikakken maki. NGC yakan rubuta "Details" a takardar tare da bayanin aibin, PCGS kuma yakan rubuta "Genuine", ma'ana na gaske ne amma da lahani. Farashin irin wannan yakan faɗi ƙwarai. Mai tallan da ya ce "an tantance" ya tsaya nan, ko ya ɗauki hoton ta yadda haske zai rufe wannan layin, bai faɗi ƙarya da baki ba, amma ya ɓoye aibi, kuma malamanmu sun daɗe da bayyana cewa mai saye na da haƙƙin mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu. Haka nan turo abokai su riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don farashi ya hau, shi ne najashin da littattafan fiƙihu suka hana tun kafin a san waya. A intanet ma ba sai da abokai ba, mutum ɗaya da layi uku ya isa.

Wannan batu na gogewa ya shafi masu gado kai tsaye. Da an ce wa mutum kwabonsa na da daraja sai ya nemo toka da lemun tsami ya dirje shi har ya yi wal-wal. Ya kashe shi ke nan. Duhun da shekaru suka sa masa masu saye ba su ƙi shi ba, ƙarzuwar toka suke gudu. A bar shi yadda aka same shi.

Sai kuma labaran da ake haɗawa da kaya don a ruɗe mai saye. An fara buga wa Nijeriya anini da kwabo masu huji a 1907, aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, sulallan azurfa suka fito a 1913, daga 1920 aka koma ƙarfe mai ruwan tagulla. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa a 1959, da taro mai hoton auduga da fataka mai hoton gyaɗa, kafin naira da kwabo su karɓi fage ranar 1 ga Janairu, 1973. Yawancin waɗannan miliyoyi aka buga, kuma wanda ya sha hannu a cikinsu 'yan daloli kaɗan yake yi a waje, in ma an samu mai so. Akwai shekaru da alamomin maƙera da suka yi ƙaranci, amma su ne tsiraru.

Wani misali da ake yaudara da shi shi ne kuɗin 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a Disambar shekarar da ya hau. Gaskiya ne a 2020 an sayar da wata tsabar zinariya tasa fam miliyan ɗaya, domin a Ingila kuɗinsa ba su taɓa shiga hannun jama'a ba. Amma a Afirka ta Yamma an buga anini da ɗari da kwabo da sunansa masu yawan gaske, kuma sun yi yawo a kasuwanninmu. Mai talla zai ba ka labarin farko, ya haɗiye na biyu. Haka azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tareza, wadda fatake suka sani tun ƙarni na 19, mata kuma suka mayar abin wuya. Shekarar 1780 da ke jikinta ba ta nuna tsufa, don an ci gaba da buga ta da wannan shekarar a Ostiriya da wasu ƙasashe har zamaninmu. Ta gaske tana da nauyin giram 28 da ɗoriya kaɗan, kuma maganaɗisu ba ya kama ta. Maƙerin fari ko mai sikelin gwal zai raba maka gardama cikin minti guda.

Wanda ke son sayarwa ma yana da nasa tarkon. Ka sa hoton kwabonka, sai ga saƙo daga wani da ya ce yana Dubai ko Landan, ya taya miliyoyi ba tare da ya nemi ragi ba. Sharaɗi ɗaya ne: ka fara biyan kuɗin takardar tantancewa, ga lambar asusu. Ka biya, sai a ce saura na kwastan, sannan na inshora. Takardar da za a turo maka a WhatsApp, ko da tambarin waye a kanta, ba ta da alaƙa da PCGS ko NGC, Babban Banki kuma ba ya yi wa kowa wannan aikin. Mai saye na gaskiya ba ya neman kuɗi a hannun mai kaya.

Wanda abin ya riga ya ritsa da shi kada kunya ta sa ya share saƙonnin. Ya adana hotunan tallar, da lambar wayar, da shaidar tura kuɗin, ya garzaya bankinsa a ranar, tun kuɗin ba su bar asusun da suka faɗa ba, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda na Kankiya ko Kusada, ko hukumar EFCC.