Hukuncin yi wa kaji allurar riga-kafin murar tsuntsaye

Tambaya:

Ina kiwon kaji masu ƙwai a Sifawa, ƙaramar hukumar Boɗinga. Wasu 'yan kasuwa suna kawo mana allurar murar tsuntsaye daga waje, ruwanta fari kamar madara, wai akwai mai a ciki. Shin ya halatta in yi wa kajina? Kuma naman da ƙwan halal ne?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah.

Na farko: riga-kafi ga dabbobi halal ne a asali, domin kare dukiya ne, kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya.

Na biyu: yawancin irin wannan allura ƙwayar cutar ce da aka raina a cikin ƙwan kaza, sannan aka kashe ta. Matacciyar ƙwayar cuta ba ta tayar da garkuwar jiki sosai ita kaɗai, shi ya sa ake cakuɗa ta da sinadarin ƙarfafa garkuwa. Wanda aka fi amfani da shi ga kaji tataccen man ma'adinai ne da aka dama da ruwa, shi ne farin da ka gani. Yana riƙe maganin a gurbin allurar, yana sakinsa sannu a hankali, garkuwar ta yi ƙarfi ta daɗe. Wannan mai ba najasa ba ne, don haka naman da ƙwan halal ne. Sai dai a jira kwanakin da aka rubuta a kwalbar kafin yanka.

Na uku: matsalar tana wani wuri daban. Tun da cutar ta ɓulla a gonar Sambawa da ke Jaji, jihar Kaduna, a Fabrairun 2006, tsarin gwamnatin Najeriya shi ne kashe kajin da suka kamu da biyan diyya, ba ta amince da wannan allura ba. Dalili kuwa, ƙwayar cutar iri-iri ce: H5N1 ce ta zo a 2006, a 2019 kuma aka gano H5N6 a jikin agwagwa a kasuwar tsuntsaye a jihar Sakkwato. Allurar da ba ta dace da irin da ke yawo ba tana iya rage mace-mace amma kazar ta ci gaba da yaɗa cutar a ɓoye, ta kai ta akurkin maƙwabci, har ga mutane. Masar tana yin allurar tun 2006, cutar ba ta bar ƙasar ba.

Saboda haka bai kamata ka yi amfani da allurar fasa-ƙwauri ba, domin cutar da wasu haramun ne, kuma bin hukuma a abin da yake maslahar jama'a wajibi ne. Ka ci gaba da riga-kafin Newcastle da Gumboro, irin wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom take yi. Ka hana baƙi shiga gidan kaji, ka killace sababbin kaji kafin haɗa su da tsofaffi. Idan kaji suka fara mutuwa ba zato, ka sanar da likitan dabbobi, kada ka kai ragowar kasuwa, domin ɓoye aibi a ciniki ha'inci ne.

Allah ne Mafi sani.