Hutun Yini Biyu A Dutse Da Birnin Kudu: Abin Da Za Ka Gani Da Yadda Za Ka Kalle Shi

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Yau maganar yawon buɗe ido za mu yi. Duk lokacin da hutu ya zo, sai ka ga hotuna sun cika Facebook da TikTok: wane yana Kigali ta ƙasar Ruwanda, wance tana kan wani tsauni a ƙasar da ko sunanta ba mu iya faɗa ba. Mu kuma muna kwance a ɗaki muna danna "Masha Allah". To ni ɗan Jahun ne, kuma abin da nake so in nuna muku shi ne, mutumin da ke da kuɗin mota zuwa Dutse da dawowa yana da wurin zuwa hutu. Ba lallashin kai ba ne, bari ku ji lissafi.

Faɗin Jigawa ya ɗan haura murabba'in kilomita 23,000. Ruwanda gaba ɗayanta 26,000 ce da 'yan kai. Eswatini, wata ƙasa mai tsaunuka a kudancin Afirka, ba ta ma kai Jigawa ba, don ita 17,000 ce da ɗoriya. Ke nan da Jigawa ƙasa ce mai tutarta, Dutse ce babban birninta, kuma da tuni wani ya buga littafin jagorar baƙi a kanta. Tunda ba a buga ba, ga nawa.

Mu fara da duwatsun kansu.

Wanda ya taso daga Jahun ya san ƙasarmu: rairayi, jigayi, fadamu. Sunan jihar ma daga nan ya fito. Ka bi ta Kiyawa, ka wuce Shuwarin, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, sai kawai ka hangi duwatsu sun tsaya a gabanka, wani kan wani, kamar an jera su da hannu. Tambayar da ya kamata ka yi ita ce: daga ina suka fito a tsakiyar wannan yashin?

Masana ilimin ƙasa sun ce asalinsu narkakken dutse ne da ya taso daga can ƙasa, bai fashe ya fito duka ba, ya huce a hankali ya daskare. Daga baya ruwa da iska suka share abin da ya lulluɓe shi, ya bayyana. Sun ƙiyasta shekarun na Dutse da sama da miliyan 200. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su kaɗai ba ne. Jeri ne guda da ya faro daga tsaunukan Azbin a Nijar, ya bi ta Damagaram, ya shigo ta Dutse da Birnin Kudu da Shira, ya gangara Jos har Nasarawa. Kuma na arewa sun girmi na kudu. Wato duwatsun Jos da ake ta ɗaukar hoto a kansu, ƙannen namu ne.

Su kuma manyan ƙwallayen da kake gani ɗaya ya hau ɗaya kamar zai faɗo, ga yadda abin yake. Dutsen yana da tsagogi tun yana binne. Ruwa ya riƙa bin tsagar yana cin gefe da kusurwa, don kusurwa ta fi saurin ciyuwa. Da ƙasar da ke tsakani ta wanke, sai aka bar dunƙulallun a zaune yadda suke. Zafin rana da sanyin dare kuma suna ci gaba da ɓare musu fata har yau. Idan ka hau ka ga wani ɓawo siriri yana ɗagowa daga jikin dutse, aikin ke nan kake gani da idonka.

Yanzu ga tsarin yinin farko. Ka fito da sassafe, ka nufi Garu kai tsaye.

Garu ita ce tsohuwar Dutse, wadda ake wa laƙabi da Dutse Gadawur. Tarihin baka ya ce wani maharbi mai suna Duna Magu ne ya fara zama a wurin saboda yawan gada. A rubuce kuma, littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Dutse a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452. Ya sake ambatonta a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, lokacin da ya yaƙi Sarkin Dutse Ada. Ku lura da wannan: garin da Sarkin Kano da kansa zai ɗaura ɗamarar yaƙi dominsa ba ƙaramin gari ba ne.

Me ya ba shi wannan ƙarfin? Tsaya a Garu ka juya ka kalli ko'ina, za ka ba kanka amsa. Dutse ya tsare nan, ya tsare can. Doki ba ya hawan santsin dutse, kuma wanda ke sama yana hango ƙurar mahara tun suna nesa. Inda dutse ya bar kafa, sai mutane su toshe da ganuwa. Wannan dabarar ba mu kaɗai muka yi ta ba. A ƙasar Lesoto, kusa da babban birninsu Maseru, akwai tsaunin Thaba Bosiu inda Sarki Moshoeshoe na ɗaya ya tare da mutanensa a 1824, ya mayar da shi mafaka. Yau ana kai baƙi can daga Maseru, a ba su labari, su biya. Bambancinmu da su ba dutsen ba ne, ba tarihin ba ne. Su sun tanadi mai ba da labari.

A Garu fadar Sarkin Dutse take. Ka tsaya ka kalli zanen bangon da kyau, launuka da dagi da sauran adon magina na Hausa. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi bakwai: Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Buji, Kiyawa, Miga, da namu Jahun. Don haka ɗan Jahun a ƙofar fadar nan ba baƙo ba ne, gidan sarkinsa ya zo. Marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya riƙe sarautar daga 1995 har rasuwarsa a watan Janairun 2023, Allah Ya jiƙansa, ɗansa Hameem Nuhu Sanusi ya gaje shi. Idan hutunka ya dace da Sallah, to ka haɗa biyu, ga fada ga hawa.

Amma fa fada ba wurin wasa ba ce. Ka yi sallama, ka gai da dogarai, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tambaya kafin ka ɗaga waya. Inda aka ce ka tsaya, ka tsaya. Shiga ta mutunci, maza da mata.

Hawan dutsen kuma, ka yi shi kafin ƙarfe goma na safe ko bayan La'asar. Da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu dutsen nan kasko ne. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ban da silifas. Ka riƙe ruwa. Kada ka hau kai kaɗai, ka nemi ɗan unguwa ya yi maka jagora, ka kuma sallame shi da abin kirki. Kada ka zura hannu a ramin da ba ka ga cikinsa ba, saboda maciji da kunama, kuma idan ka ji ƙugin ƙudan zuma ka canza hanya salin-alin. Da damina dutse jiƙaƙƙe ya fi sabulu santsi. A wurina lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen damina zuwa farkon sanyi: ƙasa tana da sauran kore, rana ta yi sauƙi, hazo bai rufe gari ba tukuna.

Idan ka kai sama, za ka ga Dutse biyu a lokaci guda. Ga tsohon gari manne da dutse, ga sabon gari ya bazu a fili. Sabon nan kusan duk bayan 27 ga Agusta 1991 ya samu, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Kano. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, filin jirgin sama a 2014. Da yawanmu masu sauraron shirin nan iyayenmu sun girmi babban birnin jiharmu. Daga kan dutse ne kawai za ka ga wannan a fili.

Da ka sauko, ka nemi dabino. An san Dutse da shi tun da daɗewa, shi ya sa ma cibiyar NIFOR, mai binciken kwakwar manja da danginta, wadda hedikwatarta ke kusa da Benin, ta ajiye reshenta na binciken dabino a nan. Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: dabino akwai namiji akwai mace, bishiya daban-daban, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya. Manomin da ke son amfani mai kyau ba ya barin iska ta yi masa aikin. Hawa yake yi ya yanko furen namijin, ya kai shi cikin furen macen. Idan ka samu mai gona, ka tambaye shi ya nuna maka. Wallahi za ka daina yi wa mai dabino tayin wulaƙanci.

Yini na biyu, Birnin Kudu. Nan ne zuciyar tafiyar.

Yawancinmu abin da muka sani game da garin shi ne babban asibitin tarayya, sai kuma kwalejin gwamnati da Aliko Ɗangote ya gama a 1978. Amma a cikin duwatsun garin, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen da mutanen da suka yi a jikin dutse, a ƙarƙashin rumfunan da duwatsun suka yi. A shekarun 1950 ne labarinsu ya kai ga masana, wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi nazarinsu ya rubuta. Shi ne dai mutumin da sunansa ya fito a binciken gumakan Nok. Yanzu wuraren suna cikin kayan tarihin da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke kula da su.

Mafi yawan zanen na shanu ne. Idan ka je, kada ka tsaya a "kai, saniya ce". Kalli bayanta. Babu tozo. Yanzu tuna garken da ka sani, bunaji ne ko rahaji, duk da tozonsu. Ke nan wanda ya yi zanen nan wasu irin shanu yake gani a gabansa, ba waɗanda ke kiwo a dajinmu yau ba. Wannan rashin tozon yana cikin abin da masana ke kafa hujja da shi wajen nuna daɗewar zanen. Dubi yadda abu ƙarami ya zama shaida.

Sai duwatsu masu kiɗa. A kusa da zanen akwai duwatsun da idan ka ƙwanƙwasa su da ɗan dutse, sai su yi ƙara kamar ƙarfe, wani wurin siririyar murya, wani wurin kauri. Ba aljanu ba ne, jama'a. Dutsen da ba shi da tsaga a ciki, kuma ya zauna a kan 'yan wurare kaɗan maimakon ya nutse a ƙasa, yana samun damar girgiza idan an buge shi, kamar yadda kwanon sha ke ƙara idan ka riƙe shi da yatsa biyu, ya yi shiru idan ka rungume shi. A jikinsu za ka ga 'yan ramuka masu santsi inda aka yi ta bugu. Ka tsaya ka yi tunanin hannu nawa ne suka bugi wuri ɗaya kafin dutse ya lotsa.

To ga inda maganar take da nauyi. Zanen nan ba ya gyaruwa. Idan wani ya ɗauki gawayi ko fenti ya rubuta sunansa da na budurwarsa a kai, shi ke nan. Idan aka hura wuta a ƙarƙashin rumfar, hayaƙi ya rufe shi. Wasu suna watsa ruwa don launin ya fito a hoto, ba su san suna wanke shi ba ne. Ko shafawa da hannu, gumi da maiƙon jiki suna cin sa a hankali. Sannan ga fasa dutse. Na san sana'a ce, da ita wasu ke ciyar da iyali, kuma da tsakuwar ake mana titi da gini, ban ce a hana kowa neman abincinsa ba. Amma ya kamata a san wane dutse ne na fasawa, wane ne na bari. Tsakuwa tifa ɗaya ana sayar da ita sau ɗaya ne. Dutse mai zane kuwa, muddin yana nan, mai jagora zai ci, ɗan acaɓa zai ci, mai abinci za ta ci, bana da baɗi.

Kuma abin da ba a zuwa gani, shi ake fara mantawa. Ranar da aka wayi gari babu mai tambayar hanyar Dutsen Habude, ranar ce babu wanda zai yi magana idan wani abu ya same shi. Zuwanka kaɗai, da tambayarka, da hoton da ka ɗora da bayani na gaskiya, kariya ce.

Saboda haka idan kun isa Birnin Kudu, ku nemi masu kula da wurin su shiga da ku, kada ku yi gaban kanku. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku raba kuɗin mota. Ku tafi da ƙannenku, musamman 'yan makaranta. 'Yan uwa mata, a nemi izini a gida, a tafi cikin ayari. Ledar ruwan da kuka sha, ku dawo da ita a jaka.

Wanda ya taɓa zuwa, ya faɗa mana me ya gani da mu ba mu ambata ba. 'Yan Garu da 'yan Birnin Kudu, ku ne masu gida, muna jiran ƙarin bayani daga bakinku. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu juya gabas, mu leƙa dausayin Baturiya mu yi maganar tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi sanyi a wurinmu.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu.