Yadda ruwan kogi ke ɗaukar yashi

Ruwan kogi ba ya tafiya sumul. Idan ya ci karo da duwatsu a ƙasan kogi, sai ya riƙa murɗawa yana juyi, wannan juyin ne ke ɗaga yashi. Tsakuwa tana mirginawa a ƙasa, yashi yana tsalle, laka kuwa tana bin ruwa har ta rina shi ja, kamar kogin Isa a Yamai da damina. Sai dai kaushin ƙasa yana rage gudun ruwa, ƙananan ƙwayoyi kuma sukan laɓe a bayan manyan duwatsu. Abin mamaki, Hjulström, masani ɗan Suwidin, ya nuna a 1935 cewa yumɓu ya fi yashi wuyar zaizayewa, domin ƙwayoyinsa a manne suke.