Sa'ad da Duniya Ta Yi Sallama a Kano

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, na biya wani gida na masu bi a Daurawa domin gaisuwa. Na iske yara huɗu sun haɗa kai a kan wayar yayarsu, ko sallamata ba su ji ba. Da na leƙa, sai na ga 'yan mata 16 da tufafi iri ɗaya, sun dafa kafaɗun juna, suna zamiya a kan daskararren ruwa kamar iska ce take kora su. Su yi layi, su koma da'ira, su rabu biyu su ratsa juna a guje, ba wadda ta taɓa 'yar'uwarta.

Autan gidan ya ɗaga kai ya ce mini, "Baba, yaushe za a kawo wannan gasa Kano?" Uwarsu ta yi dariya ta ce, "Kai dai! Ƙanƙarar da muke saye ta zoɓo ma ba ta kai la'asar."

Gaskiyarta. Amma tambayar yaron ba ta banza ba ce, gama birninmu ya taɓa saukar da gasar duniya har sau biyu, da ta Afirka sau ɗaya. Yaran yanzu ba su gani ba, ya kamata a ba su labari.

Wane irin wasa ne wannan?

A ƙasashen sanyi akan gina babban ɗaki, a daskarar da ruwa a daɓensa, tsawonsa kamar mita 60, faɗinsa mita 30. Mai wasa yakan sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, da shi yake zamiya. Da can mutum ɗaya ko biyu suke yi. A shekarar 1956 wani mutum mai suna Dokta Richard Porter ya tara 'yan mata a garin Ann Arbor na Amurka, ya koya musu yin zamiyar tare cikin jeri. Daga nan abin ya bazu zuwa Kanada da Turai.

An yi gasar duniya ta farko a birnin Minneapolis na Amurka a shekarar 2000, wata ƙungiya daga Suwidin mai suna Team Surprise ta ci. Birnin Helsinki na ƙasar Finlan ya sauki gasar sau huɗu, a 2001, da 2011, da 2019, da 2025. A 2020 da 2021 ba a yi ba saboda annobar korona.

A gasar manya, kowace ƙungiya mutum 16 ne, wasansu mafi tsawo kuwa kamar minti 4 ne kacal. Alƙalai suna duban yadda sawunsu ya zo ɗaya, da yadda layinsu ya miƙe, da tazarar da ke tsakaninsu. In ɗaya ta faɗi, ƙungiya duka ake rage wa maki. Gwanar da ta fi kowa gudu dole ta rage domin 'yan'uwanta, mai rauni kuma ta ƙara himma domin kada ta ja su baya. Ka riƙe wannan a zuciya, mai karatu, za mu komo kansa.

Sau uku a Ƙofar Mata

Ƙanƙara ba mu da ita, amma muna da ƙwallon ƙafa. A watan Afrilu na 1999 Nijeriya ta sauki gasar duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20. Ƙasashe 24 suka zo, aka raba su birane takwas, Kano tana ciki. A filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata aka ga samarin Kamaru, da Japan, da Ingila, da Amurka. A nan Kamaru ta ci Japan 2 da 1. Wanda ya ga Japan a ranar ba zai ce za ta kai ko'ina ba, amma ita ce ta kai wasan ƙarshe a Legas, inda Sifen ta ci ta 4 da nema. A Kano ne kuma samarinmu suka kara da Ailan cikin zafin bazara, aka tashi 1 da 1, Nijeriya ta wuce da bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Ba a cika shekara ba, a Janairu na 2000, sai ga gasar cin kofin Afirka, wadda Nijeriya da Gana suka sauka tare. Birane huɗu aka zaɓa: Akara, Kumasi, Legas da Kano. Masar, Senegal, Zambiya da Burkina Faso suka zama baƙinmu. A filinmu ne Tunisiya ta fitar da Masar mai riƙe da kofin, da ci 1 da nema. Ka lura, a shekarar da Minneapolis take shimfiɗa wa baƙinta ƙanƙara, a ita ce Kano take shimfiɗa wa nata ciyawa.

Na uku shi ne gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, daga 24 ga Oktoba zuwa 15 ga Nuwamba 2009. Sifen, da Amurka, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da Malawi suka sauka a Kano. Cikin yaran Sifen da suka taka ciyawar Ƙofar Mata akwai Isco da Koke, waɗanda daga baya duniya ta san su. Suwizalan ce ta ɗauki kofin bayan ta ci Nijeriya 1 da nema a Abuja.

Abin da talabijin ba ya nunawa

Mai kallo a gida 'yan wasa kawai yake gani. Amma kafin a busa usur, dubban mutane sun yi aiki. Akwai ma'aikatan filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da suka tarye su, da direbobin da suka kai su masauki, da masu dafa abinci, da masu wanki da guga, da 'yan sanda, da likitoci da nas-nas, da mai ban ruwa ga ciyawa, da mai shara da ya fito tun asuba. In ɗaya ya yi sakaci, ba a kiran sunansa, sai a ce Kano ta gaza, ko a ce Nijeriya ta gaza.

Mun ɗanɗana wannan. Tun a 1995 ya kamata Nijeriya ta sauki gasar matasa, amma aka ɗauke ta aka kai Katar saboda fargabar annoba, musamman sanƙarau. Filaye suna nan, 'yan wasa suna nan, amma batun lafiyar jama'a ya kayar da mu, sai da muka jira shekara huɗu. A 2009 ma, ana cikin wasan Sifen da Amurka da dare a Kano, fitilun fili suka ɗauke, wasa ya tsaya, duniya tana kallo. Birnin da ya sauki gasa kamar 'yan matan nan 16 yake, faɗuwar ɗaya ta kowa ce.

Mu mazauna Tarauni muna da kaso a ciki, ko da filin ba a unguwarmu yake ba. Wanda ya taso daga Kaduna ko Zariya ta mota, ta Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi yake shiga gari. Wanda ya taso daga Bauci ta Wudil, titin Maiduguri yake biyowa, ta Hotoro da Daurawa. Mu ne zauren birnin. Abin da baƙo ya fara gani, ko kwata cike da leda ko ƙofar gida a share, ko mai shago da ya ninka masa kuɗin ruwa ko wanda ya nuna masa hanya da fara'a, shi zai kai gida a matsayin labarin Kano.

Mu ma mun san jeri

Kada yaranmu su ɗauka sai Turawa ne suka iya tafiya da sawu ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya ga mahaya sun jeru, sun sako dawakai a sukwane, sun ja linzami lokaci guda a gaban Sarki, sun ɗaga hannu sun yi jinjina. In doki ɗaya ya kauce, haɗari ne ga sauran. Bisa al'ada kuma, ranar Hawan Nassarawa Sarki yakan bi ta Sabon Gari, mazauna can su fito su gaishe shi. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya take taƙama da su.

A ekklesiya ma haka ne. Dubi 'yan Birged sa'ad da suke maci, ko zumuntar mata sa'ad da suke shigowa da waƙa ranar godiya, ƙafa ɗaya, murya ɗaya. Manzo Bulus ya kwatanta masu bi da jiki mai gaɓoɓi da yawa a 1 Korintiyawa sura 12, ya nuna cewa ciwon gaɓa ɗaya na jiki duka ne. Kakanninmu kuwa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan zan ja kunnen iyaye kaɗan. Samarinmu sun samo takalmi mai taya, suna zamiya da shi a kan kwalta. Wasan ba laifi ba ne, yana ƙarfafa jiki. Amma sau da yawa za ka ga yaro ya kama bayan A Daidaita Sahu ko tirela a titin Zariya, ba hular kwano, ba abin kare gwiwa. Waɗanda yaranmu suke kallo a waya suna da malami, suna da fili na musamman, sun yi shekaru suna koyo. In ɗanka yana son wasan, ka nema masa wuri marar motoci, kamar harabar makaranta ko ta majami'a da izinin shugabanni, babba kuma ya tsaya a kansu.

Baƙon da ba a yi masa fenti

In babbar gasa ta matso, akan cike ramukan titi, a shafa fenti, a kwashe bola. Mako uku baƙi su tafi, gama baƙo raɓa ne. To, sai kuma me?

Akwai baƙin da ba sa yankewa a yankinmu, ba kuwa wanda yake buga musu ganga. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan a bakin titin Zariya. Kowace rana mutane suna kawo marasa lafiya daga ƙauyuka, daga Jigawa da Katsina, har daga Jamhuriyar Nijar. Wata uwa takan yi makonni tana jinya, guzurinta ya ƙare, ba ta san kowa a gari ba. A tashar Unguwa Uku kuma akwai ɗalibin da mota ta sauke shi da dare, da yarinyar da aka turo aikatau ta ɓace wa wanda zai tarye ta, da iyalin da rashin zaman lafiya ya koro daga garinsu.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki wannan da wasa ba. A Farawa sura 18, Ibrahim yana zaune a ƙofar alfarwarsa da tsakar rana ya hangi matafiya uku, ya ruga ya tarye su, ya ba su ruwa da abinci tun bai san ko su wane ne ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 13 ta tuna mana cewa ta haka waɗansu suka sauki mala'iku ba da saninsu ba. A Matiyu sura 25 kuwa Ubangijinmu ya lasafta karɓar baƙo cikin abubuwan da za a tambaya a ranar shari'a. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna cewa baƙonka annabinka.

Na san abin da wani zai ce: "Mu da ake kiranmu baƙi a garin nan, ko da a nan aka haife mu, mu ne za mu sauki baƙo?" Ba mu manta da Oktoba na 1991 da Mayu na 2004 ba, akwai gidajen da har yau suke makoki. Amma kada mu manta kuma, a cikin waɗannan kwanaki akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu, suka sa ransu cikin haɗari dominsu. A filin Ƙofar Mata kuwa, ranar da Nijeriya ta fitar da Ailan, ba wanda ya tambayi na kusa da shi addininsa kafin su rungumi juna. Ba wata hukumar wasanni da za ta kai 'ya'yan mutane garin da ba zaman lafiya. Zaman lafiyar nan kuwa a layinmu ake gina shi, a bakin famfo, a wurin suna da ta'aziyya. Wanda ya san zafin baƙunci, shi ya kamata ya fi kowa iya saukar baƙo.

Me iyali za su yi?

Ga kaɗan da ba su fi ƙarfin kowa ba. Zumuntar mata za su iya keɓe rana ɗaya a wata su kai wa masu jinya abinci da sabulu, da izinin hukumar asibiti, ba tare da tambayar addini ko ƙabila ba. Matasa su haɗa kai da samarin layi su yashe kwata kafin damina. Mai shago ya sayar wa baƙo a farashin da yake sayar wa ɗan unguwa. In an ga sabuwar fuska a majami'a, kada a bar shi ya fita ba wanda ya tambaye shi inda ya sauka. A gida kuwa, a koya wa yara su ajiye waya su tashi su gaida wanda ya yi sallama, su kawo masa ruwa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Kafin in bar gidan nan na Daurawa, na ba autan labarin 1999 da 2000 da 2009. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To Baba, za su sāke zuwa?" Na ce masa wannan yana hannun Allah da hannun manya, amma kafin su zo akwai waɗanda suka riga suka iso, suna bakin asibiti da tasha. Uwarsu ta ce ranar Asabar za ta ƙara mudu ɗaya a tukunya, shi kuma zai ɗauki kular ya raka ta.

Ubangiji ya ba birninmu salama, ya buɗe mana ido mu gane baƙon da ya aiko ƙofarmu. Amin.